Sawun Gauraka a Baƙin Allo

Ruwan da aka tafka da tsakar rana bai tsagaita ba sai da la'asar ta yi sanyi. Da ma'aikata suka fito daga inda kowa ya fake, sai suka tarar da ƙofar kejin gauraki a rufe, an mayar da sakata yadda take, amma Gimbiya ba ta ciki. Mijinta kaɗai ke tsaye a tsakiyar keji, ya miƙa wuya sama yana kira, kiran yana bin saman tafki har ya ɓace a tsallake.

Wurin gidan jinyar dabbobin daji ne a bakin tafki. Nan ake kawo barewar da tarko ya kama, da birin da mota ta buge, da tsuntsun da ya karye. Gimbiya gauraka ce da aka tsinto da karyayyen fiffike, aka haɗa ta da namijin da ake kira Mafaɗaci, wanda ya sami sunan saboda kusan kowa a gidan yana ɗauke da shaidar bakinsa a ƙwauri.

Kafin a aika a kira mai bin sawu, an riga an tattake gaban kejin kamar an ci kasuwa. An kuma riga an yanke hukunci a zuci, domin an ga dogayen takalman roba na Maigadi a bayan ɗakinsa, jage-jage da laka.

"Barci nake yi, ranka ya daɗe," in ji Maigadi, yana murza hula a hannu. "Ni da na kwana a tsaye, me zai fitar da ni cikin wannan ruwa?"

Shugaban gidan bai dube shi ba. Mutum ne mai gajeren haƙuri idan ya tsorata, kuma yau ya tsorata. Babban ofis ya riga ya yi wa wani otal alkawarin Gimbiya, tunda an ce ba za ta sake tashi ba, za a ajiye ta a lambu baƙi su riƙa kallo. Motar ɗaukarta tana tafe.

"Gobe da hantsi, in ba tsuntsuwa, zan miƙa ka hannun 'yan sanda," in ji Shugaba. "Ba ni da yadda zan yi."

* * *

Mai bin sawun dattijo ne dogo, ana kiransa Ido-Ƙasa, don ko gaisawa kake yi da shi ƙafarka yake kallo. Ya daɗe yana yi wa gidan aiki, yana bin dabbar da ta tsere ko maharbin da ya shigo. Idan ya ɗora ido a kan sawu sai duniya ta yi masa shiru. Daga nan sai ya ga mai sawun yana tasowa daga ƙasa kamar tururi, ƙafa tukuna, sannan gwiwa, ya kama tafiya a gabansa. Fuska ce kawai ba ta taɓa fitowa.

Ya bar inda aka tattake ya zagaya bayan keji. Can ƙarƙashin wata bishiya mai duhun ganye, inda ruwa bai daki ƙasa sosai ba, ya sami abin da yake nema. Takalmin Maigadi ne, ba shakka, ga facin da ke diddigen hagu. Amma takun gajere ne, kuma kowane sawu yana da ɗan ja a baya, kamar takalmin yana son ya zauna ƙafar tana son ta tafi. Mai tafiyar ya ɗauko kaya a ƙirji, yana lallaɓawa. Ido-Ƙasa ya bi inuwar a hankali cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, tana gaba yana baya, har bakin tafki. Nan ruwa ya karɓe ta.

Ya daɗe a tsaye yana kallon tururin da ke tashi a kan ruwan. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi. Masu ƙaramar ƙafa a gidan kuwa uku ne: Direba, da Likita, da 'yar ƙanwarsa, wadda ke riƙe da ofis.

* * *

Ita 'yar ƙanwar tasa kowa Akawu yake ce mata, har ma'aikata suna tsokanarsu da Kawu da Akawu. Ya same ta a ƙuryar ofis, gaban wata kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya da ake kira Tsohuwa. Ba ta da linzamin da ake juyawa da hannu, ba ta da hoto ko ɗaya, baƙin allo ne kawai da korayen haruffa, sai ka rubuta mata umarni ta amsa, in ta ga dama.

"Kawu, akwai kyamara a jikin ginshiƙin kejin," in ji ta, ba ta juyo ba. "An cire ta, ƙusar kawai aka bari. Amma duk abin da ya motsa tana ɗaukar hotonsa ta aiko ta imel nan take. Ta aiko ɗaya ana tsakiyar ruwa."

"To mu gani mana."

"Ai nan gizo ke saƙar." Ta nuna sabuwar kwamfutar da ke gefe, mai warin ƙonanniyar waya. "Tsawa ta kashe wannan, ta kashe layin intanet. Saƙon yana cikin Tsohuwa, ita kuwa manhajar wasiƙarta tun ta zamanin da ba a maƙala hoto a saƙo ce. Ban iya tura shi ko'ina ba. Duba abin da take nuna mini."

Ta danna lambar saƙon. Haruffa suka fara zubowa daga ƙasan allo suna hawa sama, manya da ƙanana da lambobi, a cakuɗe, ba kalma ɗaya da mutum zai karanta. Ido-Ƙasa ya ga kamar ayarin tururuwa ne ke ƙaura.

"Wannan shi ne hoton?"

"Shi ne, an niƙe shi ya zama rubutu. Na adana saƙon a fayil, na sa wata 'yar manhajar da ke kwance irin wannan ƙulli, ta ce ba ta ga komai a maƙale ba. Na sake, ta fito mini da fayil mai suna amma cikinsa wayam. Ina jin yadda kyamarar ke rubuta sunan hoto ne ba ta gane ba, salon zamani ne." Ta murza idanunta. "Ɗazu na ji ana cewa wai da gangan nake jan ƙafa."

"Wa ya ce?"

"Bango ya ce." Ta dube shi. "Kai ma ƙafata kake kallo, Kawu."

"Ƙafar kowa nake kallo," in ji shi. Amma ya ji kunya, ya fita.

* * *

Direba gajere ne mai yawan dariya, shi ke kawo abincin dabbobi daga gari. Ido-Ƙasa ya same shi yana wanke bayan mota da gaggawa, abin da ba a saba ganinsa yana yi ba. A lungun motar ga gashin tsuntsu toka-toka ya manne.

"Ina ka je ana ruwa?"

"Ni? Ina nan... wato, na ɗan fita."

Ido-Ƙasa ya ɗauki gashin ya ɗaga shi a hasken yamma. Ɗigo-ɗigon fari ne a jikinsa.

"Zabo," in ji shi.

Direba ya sauke numfashi, ya matso kusa. "Baba, ka rufa mini asiri. Surukata ce ta zo, na ɗauki motar aiki na kai mata zabi biyu. In Shugaba ya ji, kashina ya bushe. Amma gauraka? Ni da ko hatsi zan zuba sai na tsaya daga waje na watsa, saboda wancan ɗan banzan? Dubi nan." Ya naɗe wando ya nuna tabo.

"Surukar taka za ta shaida?"

"Za ta shaida har da ƙari. Cewa ta yi zabin ramammu ne."

* * *

Likita tana bakin keji lokacin da rana ke faɗuwa. Mace ce siririya marar yawan magana, ta fi shekara goma tana ɗinke dabbobin gidan. Ta zura hannu ta cikin waya, Mafaɗaci ya daina kira ya kwantar da kansa a tafinta, tukkunsa mai ruwan zinariya yana rawa a iska.

"Bai ci komai ba tun rana," in ji ta. "Tun yana ƙwai na san shi. A cikin kwali na ƙyanƙyashe shi, da fitila."

"Ina kike ana ruwa, Likita?"

"Ɗakin magani. Ni kaɗai."

"Fiffiken Gimbiya, da gaske ba zai warke ba?"

Ta shafa tukkun Mafaɗaci. "Ƙashin ya haɗe. Abin da ya rage mata fili ne da lokaci. Na rubuta wa babban ofis haka, suka ce an riga an yi magana." Ta zare hannunta. "Na taɓa ganin lambun otal ɗin. Siminti ne, da fitilu masu launi."

Ido-Ƙasa ya dubi ƙafarta. Takalmin ofis ne, busasshe, tsaf. Ya yi mata sai da safe.

* * *

Da sassafe tafkin ya lulluɓe da farin tururi, har ofis ɗin ya zama kamar jirgin ruwa da ya ɓace hanya. Akawu tana gaban Tsohuwa da kofin shayin da ya huce.

"Na daina roƙon manhajar," in ji ta. "Da hannu zan yi. Na buɗe fayil ɗin, na goge duk bayanan da ke sama, wa ya aiko, yaushe, har zuwa wani layi mai zane-zane da ke nuna iyaka. Daga nan hoton ya fara. Na ba na'urar ta mayar da shi hoto, ta yi tafiya mai nisa, sai ta ce abin da na ba ta gurɓatacce ne, ta watsar."

Ido-Ƙasa ya jawo kujera. Ta riƙa gangarawa da rubutun yana kallo. Bai san harafi ɗaya a ciki ba, amma ya ga kowane layi tsawonsa ɗaya da na bayansa, kamar takun mutum mai lafiya a kan rairayi. Ido ya ɗauke shi. Ya ji kamar yana tafiya cikin wani baƙin fili marar iyaka, korayen sawu suna haske a gabansa, wani yana tafe can nesa bai waiwayo ba. Kwatsam sai tafiyar ta tsaya.

"Nan ya yi tuntuɓe," in ji shi, ya ɗora yatsa a layin ƙarshe. Guntu ne, bai kai rabin 'yan uwansa ba.

"Na gan shi tun ɗazu," in ji Akawu. "Ya kamata a sami layin iyaka a ƙasansa, babu. Saƙon bai gama shigowa ba tsawa ta yanke layi. Haruffan nan huɗu-huɗu suke tafiya, na ƙarshen ba su cika ba, shi ya sa take ƙi. Tsoron yankewa nake, kada a ce na taɓa shaida."

"Ajiye na asalin a gefe, ki yanke a kwafi. In sawu ya shiga ruwa, ba ka zubar da wanda ke kan tudu."

Ta yi kwafi, ta goge guntun layin, ta sake ba da umarni. Tsohuwa ta yi ɗan gurnani, sannan ta dawo da alamar jira ba tare da ƙorafi ba. Akawu ta dafe ƙirji. Da yake allon ba ya nuna hoto, sai ta tura wa injin buga takarda, ya kama kuka yana turo takardar kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fito ya kashe musu jiki. Ɗan siririn yanki ne a sama, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, sauran takardar duk toka. A yankin ana ganin wani abu fari-fari kamar gajimare, da wasu baƙaƙen abubuwa suna reto daga cikinsa, biyu masu kauri, biyu sirara a tsakaninsu.

"Sama ce kawai da rassan itace," in ji Akawu. "Duk wahalar nan."

Ido-Ƙasa ya karɓi takardar. Bai taɓa ganin gajimare mai ƙwayoyi ba. "Birin nan da ake jinya, mai kwance igiyarsa, yana zuwa wajen kyamarar?"

"Kullum. Sai ya juya ta yadda ya ga dama."

Ya juya takardar, sama ta koma ƙasa. Gajimaren ya zama rairayin cikin keji.

* * *

Hantsi ya yi, aka taru a rumfar da ake yanka wa dabbobi abinci: Shugaba, da Maigadi da bai runtsa ba, da Direba, da Likita, da Akawu. Sauran ma'aikata suka tsaya daga baya. Ido-Ƙasa ya shimfiɗa takardar a kan tebur.

"Kyamarar a kife take, shi ya sa ɗan abin da ya iso ƙasa ce ba sama ba. Waɗannan biyun masu kauri takalman Maigadi ne."

Aka yi guna-guni. Maigadi ya runtse ido.

"Ku dakata. Takalmin nasa ne, ƙafar ba tasa ba ce, ƙasa ta gaya mini tun jiya. Ku dubi tsakanin takalman. Waɗannan siraran ƙafafun gauraka ne. Ga zoben ƙarfe a ta dama, Mafaɗaci ke da shi. Yana tsaye tsakanin ƙafafun mutum, yatsunsa a shimfiɗe, bai yi tsalle ba, bai kai sara ba, ana ɗauke masa mata." Ya ɗago kai, abin da ba ya yawan yi. "Duk wanda Mafaɗaci bai taɓa sara ba a gidan nan, ya matso."

Direba ya fara naɗe wando. Akawu ta nuna bayan hannunta. Shugaba ma, ba tare da ya sani ba, ya shafa ƙwaurinsa. Likita kaɗai ba ta motsa ba. Tana kallon tafki.

"Tana tsibirin tsakiyar tafki," in ji ta a hankali. "Na yi mata shinge da kara, inda gaurakin daji ke sauka. Kyamarar tana ƙarƙashin ruwa. Na zaci layi ya riga ya yanke."

"Likita!" in ji Shugaba. "Ke da kanki?"

"Na roƙe ku. Na rubuta, na sake rubutawa."

"Shi kuma wannan bawan Allah fa, da na kusa miƙa shi?"

Nan ne fuskarta ta canza. Ta juya wajen Maigadi, bakinta yana motsi. "Takalmina ba ya shiga laka, naka na gani a ƙofa. Na ce ruwa zai wanke komai. Da aka kama sunanka na so in yi magana, sai na ce bari motar ta zo ta koma tukuna. Na zalunce ka, Baba. Ka yafe mini."

Maigadi ya daɗe yana kallonta. Ita ce ta taɓa ɗinke masa hannu lokacin da waya ta yanke shi.

"Haba, Likita," in ji shi. "Da kin tashe ni kin faɗa mini, ai da ni zan ɗaukar miki ita. Da takalmin, da ƙafata a ciki."

Ta rufe fuska da hannu biyu.

Shugaba bai kira 'yan sanda ba, amma ya ce dole ya sanar da babban ofis, ita kuma ta ce ba sai an kore ta ba, za ta ajiye aiki da kanta. Ya ba Maigadi haƙuri a gaban kowa, da murya ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce a kawo kwalekwale, a je a ɗauko tsuntsuwar mutane.

* * *

Su huɗu suka tafi, Shugaba da Likita da Ido-Ƙasa, da Maigadi yana tuƙi. Tururin bai gama washewa ba, tsibirin ya riƙa bayyana yana ɓacewa. Daga baya suna jin kiran Mafaɗaci yana raguwa.

Shingen yana nan, kwanon hatsi yana nan, amma kara biyu sun kwanta ta gefen gabas, kuma ba kowa a ciki. Likita ta dafe baki.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Ido-Ƙasa.

Laka ce mai laushi, ta riƙe komai. Sawun gaurakin daji ya cika bakin ruwa, amma ya ware nata, domin tana ɗan jingina a dama saboda nauyin fiffiken da ta saba ja. Duniya ta yi masa shiru. Ya gan ta ta fito ta tsakanin karan, ta tsaya, ta zagaya gaurakin dajin sau ɗaya. Ya gan ta ta juya ta fuskanci iska. Takun ya fara buɗewa, yatsu suna nitsewa, diddige ya daina taɓa ƙasa. Taku ya ƙara nisa da taku, na gaba ya fi shi, na gaba ɗan tsagin farce ne kawai a kan laka. Bayan shi lakar a shafe take sumul har bakin ruwa.

Ya duba hagu da dama. Ba jini, ba gashi, ba sawun dila, ba jan cikin kada. Ya tsuguna a gaban tsagin farcen ya daɗe.

"Ta tashi?" in ji Likita.

"Ban ga sama ba, Likita. Ƙasa na gani."

Shugaba ya share gumi, ya dubi shingen, ya dubi sararin da ba komai a cikinsa sai fari. "To ni yanzu me zan ce wa babban ofis?"

Ido-Ƙasa ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa.

"Ka ce musu mun bi sawu har inda ya ƙare."